Ragon Layyar Baffa Direba

Shekarar da na gama aji bakwai a Bungudu, ba a daɗe da mayar da tuƙi hannun dama ba, Baffa Direba yana ta mitar cewa gwamnati ta juya masa hanya yana tsakiyar tafiya. Wannan Baffa taubashin mahaifina ne. Ubansa da kakata, wadda ta haifi Baba, ciki ɗaya suka fito. Yana jan wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, daga Bungudu zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Tsafe, ya kwaso hatsi da mutane da awaki ya dawo. Baba kuwa gyaran keke yake yi a gindin wata ceɗiya bakin kasuwa.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu lafiya ba. Baffa bai kiran Baba da komai sai "bawana", don shi ɗan namiji ne, Baba ɗan mace. Baba kuma yakan ce motar Baffa keke ce da ta kumbura. In Baffa ya bar takalminsa a ƙofar masallaci, a kan reshen ceɗiya zai same shi. In Baba ya juya baya, famfon busa tayarsa ya tafi Tsafe yawon kwana biyu.

Baffa yana da ɗa sa'ana, ajinmu ɗaya tun daga farko. Yaro ne mai hannu. Da kunne yake gane abin da ke damun mota tun kafin a buɗe ta, amma allo da alli ba su taɓa shiga ransa ba. Duk ƙarshen zango ni ina cikin ukun farko, shi yana can inda lamba ta yi nauyi. Da farko Baffa ya ɗauka babbar lamba ita ce nasara, har ya taɓa yi wa Baba dariya cewa ɗansa ya kawo talatin da wani abu, ni kuwa biyu tak. Baba ne ya zaunar da shi a gaban jama'a ya karantar da shi cewa a boko ƙaramar lamba ita ce sarauta. Shekara da shekaru yana maimaita masa wannan darasi duk hutu, har ya zauna wa Baffa daram a kai. Baffa bai karanta rubutun boko, amma lamba ya san ta sarai, ta jikin mota da ta duwatsun mil na bakin hanya.

Jarrabawar shiga sakandare a Gusau muka yi ta, Baffa ne ma ya kwashe mu a motarsa. Sakamako bai zo ba sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Ranar da ya zo, hedimasta ya turo kekensa wurin Baba don sarƙa ta tsinke masa. Yana zaune kan benci ya zaro takardu biyu daga jaka, ya ba Baba tawa, ya ce tun da Baffa yana hanya, ga ta ɗansa a ajiye masa. Ya yi wa Baba bayani dalla-dalla cewa wannan ba irin ta ƙarshen zango ba ce. A nan maki ake tarawa, mai yawa shi ya ci. Nawa ya haura ɗari biyu, an ba ni makarantar kwana a Gusau. Na ɗan Baffa bai kai sittin ba.

Na dawo daga gona Baba ya kira ni bayan ceɗiya ya miƙo mini takardar. Na karanta, na buɗe baki zan yi ihu, ya sa tafin hannunsa mai baƙin mai ya rufe mini shi. Ya ce in tattara fuskata in ajiye, kada kowa ya ga haƙorina sai ya ba ni izini. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Kai dai kana son nama?"

Washegari da hantsi motar Baffa ta shigo tana tari. Baba bai tashi ya tare shi da tsiya yadda ya saba ba. Ya zauna ya rafka tagumi, ga taya a gabansa bai taɓa ba. Baffa ya sauko ya tambaya wa ya mutu. Baba ya miƙa masa takardun biyu, ya nuna masa da yatsa wadda take tawa da wadda take ta ɗansa.

Baffa ya dubi lambata, ya dubi ta ɗansa. Ya sake dubawa. Ya tambayi Baba ko idonsa ne, ko kuwa lambar ɗansa ce ƙarama. Baba ya ce ita ce ƙarama, nesa ba kusa ba. Ya nuna lambata ya ce wannan fa, ai ko buhunan da motarsa ke ɗauka ba su kai haka ba. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce shi ma tun jiya abin yake dubawa.

Har Baba ya bar duniya yana kafa hujja da cewa a ranar nan bai yi ƙarya ko guda ba.

Baffa ya cire hularsa ya jefa sama. Ya zagaya ceɗiya yana kiran mahauta da masu tireda su zo su ga ranar da Allah ya yi. Ya dafa kaina ya ce kada in damu, in na iya wanke mota zai ɗauke ni. Sannan ya sanar cewa ragon da yake turke don layya ba zai ga salla ba, jibi bayan Azahar kowa ya zo gidansa.

Ɗan Baffa ya san gaskiya, don ya san abin da ya rubuta a Gusau, ko in ce abin da bai rubuta ba. Da yamma ya same ni a bakin rafi, ido ya yi zuru-zuru. Ya ce ubansa ya sayo masa takalmin roba sabo, ya kuma kira shi Malam har sau biyu. Na ce to ya faɗa masa mana. Ya ce tun da aka haife shi uban bai taɓa dubansa irin duban yau ba, zai bari ya ƙara kwana biyu a haka, dukan da zai biyo baya ai guda ne.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne kakata. Ita tun farko ba ta son zancen makarantar kwana. Ta ji ana cewa wake mai ƙwari ake ba yara, kuma suna dawowa da gajeren wando su gai da manya a tsaye. Tun da muka je Gusau take roƙon Allah ya kayar da ni, a gabana, ba ɓoyo. Da labari ya iso mata cewa mijinta, haka take kirana, ya kwaso lamba mai nauyi, sai ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Ta sa aka soya waina aka raba wa yaran unguwa sadaka. Ta kama wata kaza mai kwanci ta ce ta ba ni halak malak, in fara kiwo tun da Allah ya raba ni da wahala. Baba yana tsaye yana kallon wainar tana fita gida. Mahaifiyata ce kaɗai ta dube shi ta dube ni, ta ce wannan baƙin cikin namu ya cika cin tuwo, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar walima aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa. Rago ya sha wuta, ga shinkafa, ga fura da nonon da wani Bafulatani abokin Baffa ya aiko da shi daga wajen Nahuce. Baba ya zo da wuri, ya zauna kusa da tire, yana ci yana girgiza kai kamar mai cin abincin zaman makoki. Duk wanda ya yi masa jaje sai ya amsa da cewa haka Allah ya so, ya kai hannu ga wata tsoka.

Can sai ga hedimasta a kan kekensa. Ashe Baffa ya aika masa takanas ya zo a yi masa godiya. Baba ya yi wuf ya tashi ya tare shi, ya zaunar da shi nesa da Baffa, ya tura masa cinya guda, yana ta jansa da zancen sarƙar keke. Duk sa'ad da hedimasta ya ɗago zai yi magana, Baba ya ƙara masa nama. Haka aka yi har tire ya koma ƙashi.

Da aka wanke hannu, hedimasta ya miƙe ya gyara rigarsa. Ya ce ya yi aiki a garuruwa da dama, amma yau ya ga zumuncin da bai taɓa gani ba.

"Mutum ɗansa bai samu ba bana," in ji shi, "amma ya kama ragon layyarsa ya yanka don ɗan ɗan'uwansa ya ci jarrabawa. Alhaji, Allah ya saka maka. Irinku ake so a gari."

Baffa bai taɓa zuwa Makka ba, amma ba wannan ne ya sa bakinsa ya buɗe ba. Waɗanda suka yi wa Baba jaje suka fara duban juna. Hedimasta, da ya ga kamar ba a gane ba, ya ƙara bayani cewa ai a wannan jarrabawa maki mai yawa shi ne ci, kuma duk ajin babu wanda ya kai ni.

Baffa ya dubi ƙasusuwan ragonsa. Ya dubi Baba, wanda ya duƙufa yana sakace haƙori. Hanya biyu ce a gabansa: ko ya yarda a gaban mahauta da masu tireda cewa mai gyaran keke ya yi masa wayo, ko ya karɓi rigar da hedimasta ya ɗinka masa. Ya gyara zama.

Ya ce, "Malam, ai ɗan bawana ɗana ne. Wa zai yi mishi in ban yi ba?"

Aka ɗauki kabbara ana sa masa albarka. Liman ya yi doguwar addu'a a kan masu riƙon zumunci, Baffa yana amsawa da amin, idonsa a kan Baba, ko ƙiftawa babu.

Kakata tana cikin gida tare da mata, kuma katangar Baffa ta kara ce. Kafin a shafa fatiha ta fito da mayafinta a hannu. Ba ta kula taron maza ba, ta tsaya a kan Baba ta tambaye shi wainarta fa. Ta ce ta yi wa Allah godiya a kan abin da bai faru ba, yanzu da wane ido za ta sake roƙonsa. A ranar ta aika aka kwaso mata tabarmarta da butarta, ta ce ta koma gidan ɗan ƙanenta, inda ake yanka rago ba a yi wa tsofaffi dabara. Kazar ma ta aiko aka karɓe. Sai da Baba ya yi ta sintiri yana durƙuso kusan mako guda, Baffa yana zaune a gefe yana ba ta shawarar kada ta yi saurin haƙura.

Ɗan Baffa bai sha duka ba. Mutumin da liman ya yi wa addu'a a bainar jama'a ba ya komawa ciki a ji kukan yaro. Uban ya kwana biyu bai yi masa magana ba, rana ta uku ya jefa masa tsumma ya ce ya je ya goge gilashi. Bai sake komawa aji ba, kuma ban taɓa ganin wanda faɗuwa ta karɓa kamarsa ba.

Da lokacin tafiyata ya yi, Baffa ya ce tun da ni ɗansa ne, ba wanda zai kai ni makaranta sai shi. Ya sa ni a gaba kusa da shi, akwatina na ƙarfe a kan cinyata. Baba ya ɗaga ƙafa zai hau, Baffa ya ce gaba ta cika, bawa ai baya yake zama. A bayan kuwa buhunan albasa ne da bunsuru uku na wani mahauci. Muna fita gari hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa, Baffa ya ce ya manta tamfol a Tsafe. Duk ramin da ke kan hanyar nan sai da ya neme shi ya faɗa, yana tambayata a hankali ko a makarantar tamu ana koyar da tuƙi.

A ƙofar makaranta ɗan Baffa ya diro ya sauke mini akwati, ya ɗora mini a ka. Baba ya sauko jiƙe sharkaf, yana warin bunsuru, ya laluba aljihu ya ba ni guntun rake da ya ɓoye tun daga gida. Ya ce in yi karatu, in kuma riƙa gai da manya a durƙushe ko don kakata. Sannan ya juya ya tambayi Baffa ko akwai sauran kai da ƙafar ragon nan a gida, don shi har yau bai ga inda aka kai su ba.