Kofin da Bakinsa Ya Ɓantare

Maman Kofuna ake ce mata a coci. Tun tana amarya ita ke wanke ƙananan kofunan da masu bi ke shan ruwan inabi da su a Jibin Ubangiji, ta goge su, ta jera a tire. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ta zo, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka.

Autar gidansu kuwa giya ta yi ta sayarwa har furfura ta fito mata. In ta ga yayarta da shirin coci sai ta ce, "Yaya, a gaishe min da Fasto, a kama min wuri a sama." Maman Kofuna takan haɗiye fushi, ta ce a ranta, akwai ranar shari'a. A gaskiya ɗokin wannan rana take yi.

Kwatsam sai Auta ta tuba. Ta rufe shago, aka yi mata baftisma, mata suka rungume ta suna hawaye. Fasto ya ce har a sama ana murna. Kishi ya turnuƙe Maman Kofuna. Ita da ta tsufa a bakin famfon coci, wa ya taɓa zubar mata da hawaye? Shi ke nan, ita da Auta ƙofa ɗaya za su shiga?

Akwai wani kofi da bakinsa ya ɓantare, ta daɗe da jefa shi bayan kabad. Ranar da Auta za ta fara karɓar Jibi ta ɗauko shi, ta sa shi a gefen tire, inda hannun mai zama a bakin benci ke fara kaiwa. Ta zaunar da Auta a nan, ita ta zauna kusa da ita.

Fasto ya ce kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya ɗauki kofi, kada ya sha wa kansa hukunci. Dattijon coci ya miƙo tire. Auta ta ga kofin, ta yi wuf ta ɗauke, ta rufe ɓantararren bakin da yatsa.

"Ya kuɓuce miki, Yaya," ta raɗa mata. "Kada ki damu, ba wanda ya gani."

Tire ya iso gaban Maman Kofuna, kofuna na ta ƙyalli, duk wankin hannunta. Dattijon ya jira, ya ƙara matso mata da shi. Ta sunkuyar da kai, ta maƙale hannuwanta a cinya har ya wuce.