Ramin Tururuwa a Ɗakin Inna

Bara na shawo kan mahaifiyata, Inna, ta yarda ta baro Cadawa ta dawo wurina a Gidan Rumji. Da ƙyar ta amsa, kuma na san halinta: abu kaɗan ya ɓata mata rai, sai ta ɗaure kayanta ta koma. Gwiwoyinta ba sa son sanyin siminti, don haka na tafi Maraɗi neman moket, shimfiɗar nan da ake mannawa a ɗaki bango zuwa bango. Na taɓa wannan, na murza wancan, har mai kanti ya gaji da ni, sannan na zaɓi wani kore mai kauri. Ina shafa shi sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Kaka ita ta haifi Inna. Muna yara, da an ci tuwo sai mu kewaye murhunta, tana tura karan gero cikin wuta da ƙafa. Ni take fara tsokana: "Mijina, matso nan, ko tsoron amaryakka kake?" Sai ta yi shiru har mu natsu, ta ce, "Ga wata nan tahe." Mu ce, "Ta iso, muna ji." Muryarta takan yi ƙasa ƙasa har tsigar jikinka ta tashi.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu. Wani attajiri ya sayo darduma daga kudu, mai faɗin da ta rufe gidansa tun daga zaure har gindin rumbu. Masu shimfiɗa suka iske ramin tururuwa a tsakar gida. Tsohuwarsa ta ce a bar musu ƙofa, ya ce ɓarayin hatsi ne, a rufe. Tururuwa suka kwashe kayansu suka koma bayan bukkar wata matalauciya. Damina ta ƙi, ta bayanta ma ta ƙi. Rumbunan attajiri suka ƙare, darduma kuwa ba a tuƙa tuwo da ita. Matalauciyar nan, da jinjirar bayanta ta daina ko kuka, ta durƙusa bakin ramin, ta yi sallama, ta fara tono.

"Ta tona har hannunta ya yi jini," in ji Kaka. "Sai ga ɗaki, ga ɗaki, kowane cike da hatsi, an share, an kimtsa. Ta ɗibi rabi, ta bam musu rabi." A nan mukan saki baki. Na daɗe ina taka ƙasa a hankali, don na san akwai gari a ƙarƙashina.

Ranar shimfiɗa Inna ta zo ganin ɗakin. Mai aikin ya share, ya auna, zai buɗe gwangwanin gam sai ya ga ramin tururuwa a lungu, inda siminti ya tsage.

"Malam, a samo magani da siminti in toshe, kar su ɓata maka aiki," ya ce. Na ce to.

Inna ta yi wa mai aikin magana daga bakin ƙofa. "Yaro, yanke shimhiɗar taka nan, ka bam musu ƙohwa."

Na yi dariya. "Inna, ai wagga tatsuniyar Kaka ce."

Ta dube ni. "Jinjirar da ta daina kuka, wa kake zato? Ni ce."

Shekara da shekaru Kaka tana ba mu labarin yunwar da ta kusa ɗauke mata ɗiya, tana tsokanata, tana tura kara cikin wuta, ba ta taɓa cewa "ni" ba. Attajiri da dardumarsa ta ƙara su ne don mu zauna mu saurara. Abin da take so ya shige mu shi ne rabin da mai yunwa ta bari. Har yau in na tuna abin yana ba ni tsoro.

Na karɓi wuƙar mai aikin, na yanke lungun da hannuna. Inna ta tuɓe takalma ta shiga, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ce in aika Cadawa a kwaso sauran kayanta.