Hazon da Kawu Marhun Ke Gani

A ƙauyenmu, can bayan garin Ibra, duk wanda ya taɓa kwanciya rub da ciki da bindiga ranar Juma'a ya san muryar Kawu Marhun. Yayan mahaifiyata ne. Tankar ruwa ya tuƙa har ya ajiye aiki, amma ba da ita aka san shi ba. Shi ne mai dubanmu. Yakan shimfiɗa tabarma a bayan maharba, ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, kai ka harba, shi ya faɗa maka inda harsashi ya huda allo. "Yatsa biyu dama, ɗaya ƙasa." Ka gyara saiti, ka sake. Daga inda muke kwance allon bai fi ƙwayar dabino ba, don haka abin da ya faɗa shi muka gani.

A wurinmu ba a sa ido a madubin mai duba. Gara ka zare masa wuƙar da ke ɗamararsa, don leƙawa ƙaryatawa ce. Ni da nake ɗan ƙanwarsa, ga furfura ta fara fito mini, ban taɓa leƙawa ba.

Akuya ce ta ja mana. Ta biyo ɓawon lemo har kan tabarma, ta ture madubin, gilashin ya tsage. Ga gasar ƙauyuka tana tafe bayan Babbar Sallah. Zahir, shugaban ƙungiyarmu, ya ce a gaban kowa, ko Kawu ya zo da sabon madubi kafin Sallah, ko a aro mai duba daga wani gari. Kawu ya girgiza kofin gahawarsa alamar ya ishe shi, ya miƙa, ya tashi.

Ni aka ɗora wa kai shi kasuwa, don ya daina tuƙi tun bara, wai ya gaji da sitiyari. Na zaci aikin wuni guda ne. Ashe na ɗauko wa kaina dala ba gammo.

Kawu ba ya gwada madubi a cikin shago. Cewa yake a cikin sanyin na'ura kowane madubi mutumin kirki ne. Sai rana ta take, ƙasa ta fara kawalwalniya, sannan ya sa a fito masa da shi bakin titi. Ni kuma ya ba ni tsohon allo mai huji-huji, ya tura ni can ƙarshen layi in ɗaga. Haka na tsaya a Nizwa, haka na tsaya a Maskat, gumi har cikin takalmi, masu mota suna rage gudu suna karanta allon ko talla ce.

Wani mai shago ya kawo masa mai jawo abu ninki sittin, yana ta kuranta shi. Kawu ya ce, "Wannan tururin ƙasa yake jawowa, ɗana, ba allo ba. Ka sayar wa masu kallon wata." A nan yana da gaskiya, na yarda. Aka kawo mai ƙaramin baki, ya ce ba ya shan haske. Aka kawo mai lanƙwasasshen wuya, wanda ake sunkuyawa a duba.

"Rijiya aka ce maka zan leƙa?"

Aka kawo miƙaƙƙe, ya daɗe yana murza shi, ya ɗago ya ce akwai hazo. Na Jamus hazo, na Japan hazo. Kowace tafiya sai mu dawo hannu rabbana, shi yana cin halwa, alewar nan mai zaƙi, a kujerar gefe duk da likita ya hana shi, ni ina cika ina batsewa. Matata Shamsa ta ce ko auren fari ba a yi masa wannan zaɓen. Atisaye ma na daina zuwa, ni da nake sa ran shiga sahun farko a bana.

Ana jibi Sallah muka shiga shagon wani ɗan ƙabilar Balushe, Murad, a garin Sib na bakin teku. Mutumin kirki ne, da kansa ya fito mana da madubi mafi kyau a shagon. Na tafi ƙarshen layi da allona. Na tsaya har hannuna ya sage, sannan Kawu ya yafuto ni.

"Hazo," ya ce.

A nan haƙurina ya ƙare. "Kawu, don girman Allah, wane irin hazo ne ke bin mu daga Nizwa har bakin teku? Jibi Sallah. Zahir ya riga ya yi magana da mutanen Mudaibi. So kake baƙo ya zauna a tabarmarka?"

Murad ya yi kamar yana gyara kaya. Kawu ya karɓi allon daga hannuna, ya ba wani ma'aikacin shagon ya tafi da shi. Sannan ya matsa gefe.

"Hilal, sa idonka."

Na tsaya sororo. Na ce, "A madubinka?"

"Ban saya ba tukuna. Sa idonka, kada ka ɓata mini lokaci."

Shi ke cewa kada in ɓata masa lokaci. Na sunkuya na duba. Ga allon kamar in miƙa hannu in taɓa. Kowane huji tar, har zaren takardar da ya yage a gefensa, har ƙudan da ke yawo a babban yatsan mai riƙon.

"Akwai hazo?"

Na so in ce akwai, wallahi na so. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa wa mutane inda suka kuskure ba ka yi masa ƙarya a kan allo.

"Babu, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce wa Murad, "Naɗe mana shi." A mota bai taɓa halwar ba. Daga baya likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, ciwon suga ne ya ci idon Kawu ta ciki.

Ranar gasa na zo da bindigata a goge. Kawu ya riga kowa zuwa, ya shimfiɗa tabarma, ya kafa madubin, amma ya ɗaga ƙafafun sun fi tsayin zamansa. Ya karɓi bindigar daga kafaɗata ya miƙa wa Zahir.

"Ba baƙo a tabarmar nan," ya ce. "Ga mai dubanku."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai gama hucewa ba. Harbi na zo yi, shekara guda ina jiran ranar, ba wanda ya tambaye ni. Amma maharba sun riga sun kwanta, na zauna. Zahir ya harba, na ce yatsa ɗaya hagu.

"Ɗaga murya," in ji Kawu daga bayana. "Ba Shamsa kake wa raɗa ba."

Mu muka zo na huɗu. Ya ce laifina ne.

Har yanzu madubin a ɗakinsa yake kwana. Kowace Juma'a shi ke ɗauko shi, ya hura wa gilashin iska, ya goge da gefen rawaninsa, ya kafa mini. Bai sake sa idonsa ba.