Man Birkin da Ya Raba Ni da Kawuna

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni saurayi ne mai zafin kai, ina tuƙa wa kawuna mota a Dutsin-Ma. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon tuƙi. Motar tsohuwa ce, ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida, kuma da ita muke zuwa Kurfi ran kasuwa sayen gyaɗa. Wallahi ina son motar nan kamar me, amma na fi son Kawu.

Sai man birki ya fara ɓacewa. In na cika, kafin mu je Kurfi mu dawo ya yi ƙasa. Na shiga ƙarƙashin mota na duba tayoyi, na bi bututu ɗaya bayan ɗaya, ko ɗigo babu. Abin da kawai na lura da shi, in na taka birki inji yakan yi kamar zai mutu, wani farin hayaki ya fito ta salansa. Ban san akwai alaƙa ba. A lokacin kuwa mutane na shafa man birki a matsayin magani a kan makero, ciwon nan na fata, kuma duk inda direba ya tsaya sai an roƙe shi ɗan kaɗan a kwalba. Na taɓa tsiyaya wa wata tsohuwa a ƙauyen Wurma don jikanta, Kawu na kallo. Ashe abin ya zauna masa a rai.

Ran nan a zaure, gaban abokansa, ya ce ya gano inda mai ke tafiya, wai na mai da motarsa shagon magani. Na rantse, ya ce kada in ƙara masa da rantsuwar ƙarya. Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ajiye masa makulli na tafi Katsina na kama tuƙin wani.

Bayan tafiyata mai bai daina ɓacewa ba. Da aka kai wa bakanike motar, ya ji labarin farin hayakin, sai ya kwance wata tukunyar ƙarfe da ke ƙara wa birki ƙarfi da iskar inji. Robar cikinta ta tsage, inji ne ke zuƙe man yana ƙonawa. Yana buɗewa mai ya malalo. Kawu ya aiko in zo, na ce aiki ya yi yawa. Ya sake aikowa, na ce sai bayan damina. So nake ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Kafin a girbe gero zazzaɓi ya ɗauke shi. Da na zo gaisuwa, matarsa da nake kira Inna ta kai ni zaure ta ɗaga wani buhu. Tukunyar ce a ƙasa. Ta ce ya hana a jefar, yana cewa in ɗansa, wato ni, ya dawo zai tara mutanen nan da aka yi abin a gabansu, ya nuna masu, sannan ya roƙe ni gafara. Na durƙusa a wurin na yi kuka kamar yaro.

Direbobi 'yan uwana, in mai na ɓacewa ba ɗigo, ku duba hayakin salansa kafin a zargi wani. In kuma wanda ya ɓata maku ya aiko kira, don Allah ku tashi ku je a ranar. Na yafe wa Kawu tun aiken farko, amma ya rasu bai sani ba.