Kawu Aƙilu da Furen Gwamnati

Jama'a a gyara zama, mai tari ya haɗiye abinsa. Ga Kawu Aƙilu na Danja, sarkin noman da ba a naɗa ba, angon tumatir, mutumin da in ciyawa ta ji takunsa sai ta fara salati. Shekararsa sittin da 'yan kai, kuma ko ɗaurin aure za shi, sai ya tsaya a hanya ya tuge haki a gonar wanda bai sani ba.

Bana jininsa ya hau, ya yanke jiki ya faɗi a gona. Likita a Funtua ya ce ya rage duƙe-duƙe, ya riƙa tattaki. Inna, matarsa, ta kulle fartanyarsa a ɗakinta ta kafa doka: ya yi yini guda bai taɓa ƙasa ba, ta ga ko yana jin magana. In kuwa ya dawo da ƙasa a farce, lambun ranin bana sai dai a ba wani aro. Ni Kamalu, ɗan ƙanwarsa, da yake ba ni da aikin fari balle na baƙi, aka naɗa ni ɗan sanda.

Na goya shi a babur zuwa wani wurin shaƙatawa na gwamnati a bakin dam, mai dutsen hawa da furanni jere-jere.

"Kamalu, wajen wa muka zo?"

"Yawo muka zo, Kawu."

"Na ji yawo. Wajen wa?"

Ya hangi samari suna hawan dutse suna haki, ya tambayi abin da suka ajiye a sama. Na ce babu. Ya ce Allah ya ba su lafiya. Da muka iske wani yana ba ciyawa ruwa da tiyo, Kawu ya kau da kai kamar ya ga abin kunya, ya harɗe hannuwansa a baya. Awa biyu cur yana tafe haka. Har na fara shirya jawabin yabo.

Sai muka zo bakin shinge, inda wasu 'yan mata ke ɗaukar hoto da wani fure mai ruwan hoda. Kawu ya ja birki. Ƙuduji ne, mugun hakin nan da ke tsotse dawa ta ƙarƙashin ƙasa har ta ƙeƙashe a tsaye. Ya yi fure sosai, saura kaɗan ya zubar da iri, ga gonakin dawar mutane a bayan shingen.

"Kawu, ka tuna lambu."

"Na tuna."

"Ka tuna Inna."

Ya dubi dawar nan. Sai ya miƙo mini hularsa.

Kafin 'yan matan su gama gyara gyale, furen da ke bayansu ya ɓace. Mai gadi ya sheƙo a guje yana ihu, "Baba! Furen gwamnati ne!" Kawu ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ɗan wa kake? Ubanka yana noma?" Mai gadin ya matso ya duba da kyau, ya ce "Au," ya jingine sandarsa ya duƙa shi ma.

Muka koma gida da dami guda ƙunshe a babbar riga. Inna na tsakar gida, ta ce a kawo hannu. Farce goma, duk baƙi ƙirin. Na buɗe baki zan yi masa lauya, ta ce in rufe. Ta kwance ƙunshin, ta daɗe tana kallo.

"Ƙuduji? Ya zubar da iri?"

"Bai kai ba," in ji Kawu.

"Ka bar saura?"

"Ko ɗaya."

Ta shiga ɗaki, ta fito da fartanya ta ajiye a gabansa. Ta ce da hantsi ya dawo gida kullum, in ba haka ba ta haɗa shi da likita.

Nan na miƙe, na ce yau Danja ta ga jarumi, wanda ya sayar da lambunsa don dawar da bai san mai ita ba, ya kamata a sa hotonsa a ƙofar wurin shaƙatawa.

Kawu ya dube ni, ya dubi damin.

"Ka gama? Ɗauko mini ashana."