Naman da ke Cikin Burodin Kawu

Watana uku a Guangzhou Kawu ya ce in yi masa burodin nan a gida. Ƙanin mahaifiyata ne, yana sarar riguna a kasuwar Shisanhang yana turawa Kano. Ni kuwa na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na zauna babu aiki, sai ya ce in biyo shi in riƙa karanta masa takardun lodin kaya tunda ina jin Turanci. Muna zaune a unguwar Liwan, hawa na biyar, ɗaki biyu da kicin ɗin da mutum ɗaya ma sai ya karkace yake shiga.

Kawu ba ya cin abincin waje. Daga gida yake tahowa da kilishi da kuka da daddawa, nama kuwa sai na mahautan Musulmi da ke kusa da Masallacin Huaisheng. Sau ɗaya tak na ga ya saɓa. Mun je ganin mutumin da zai loda mana kaya, ya shanya mu tun hantsi har bayan azahar, muka sauko wani ɗan shagon shayi a ƙasan ginin. Yunwa ta ci ƙarfin Kawu. Ya ɗora yatsa kan wani hoto a takardar abinci: burodi gasasshe an raba shi biyu, cuku yana dalala, da wani siririn nama jaja-jaja a tsakiya.

"Kai ɗan boko, wannan naman mene ne?"

Rubutun na Sinanci ne, a lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba. Naman ya yi mini kama da na gwangwani da muke ci a makarantar kwana. Na ce, "Ina jin na shanu ne, Kawu. Kamar dai."

Ya ci, ya ƙara na biyu. Ni shayi kawai na sha. Na ce cikina ne ba daɗi, kuma ina ganin gaskiya ne, ko da yake daga baya na sha tambayar kaina.

Kwana uku yana zancen burodin. Ran na huɗu ya ce, "Wannan abu ai ba zai gagari mai digiri ba. Je ka gano yadda suke yi."

Na koma shagon da littafina da biro. Mai shagon wata mata ce mai fara'a, na kira ta lawban kamar yadda kowa ke kiran mai shago a can, na yi mata nuni da hannu har ta gane. Ta shigar da ni ciki. Na ga yadda ake shafa bota a bayan burodin maimakon cikinsa, a ɗora a kasko, a danne da wani ƙarfe. Duk na rubuta. Da aka zo kan nama sai na zana saniya a littafin, na nuna mata. Ta yi dariya ta ce, "Mei-yo," wato babu. Ta karɓi biron ta yi nata zanen kusa da nawa. Ta ma fi ni iya zane. Alade ta zana, har murɗaɗɗen bindin sai da ta sa.

Ban hau bas ba ranar, da ƙafa na koma gida. Na san hukuncin wanda ya ci bai sani ba, tun a islamiyya na san shi. Abin da ban sani ba shi ne hukuncin wanda aka tambaya, bai sani ba, ya ƙi cewa bai sani ba. Kuma ban san yadda ake duban mutumin da ya ɗauko daddawa tun daga Kano don ya tsare bakinsa a gaya masa wannan magana ba. Kafin in kai hawa na biyar na yanke shawarar da a lokacin na ɗauka dabara ce: in yi masa wanda ya fi na shagon daɗi, ya manta da wancan, maganar ta mutu.

Cuku ya ba ni wahala. Sai da na zaga shaguna da yawa kafin na samu a wani kantin kayan ƙasashen waje, na tsaya ina karanta bayan takardarsa har mai gadi ya fara kallona. Burodin unguwarmu kuwa zaƙi gare shi kamar na ranar suna. Na sayi naman cinya wajen mahautan, na jiƙa shi cikin ruwan gishiri ya kwana, na dafa, na bar shi ya huce, na yanka siri-siri iya yadda wuƙarmu ta yarda. Ba mu da ƙarfen dannewa, sai na cika ƙaramar tukunya da ruwa na ɗora a kai. Na farko ya ƙone cukun bai narke ba. Na gane wuta ce ta yi yawa. Na biyu ya fito ja, yana ƙamas-ƙamas, cukun ya bi gefe.

Kawu ya gutsura, ya tauna a hankali. "Ya yi. Amma ba shi ba ne."

Na gwada da soyayyar albasa. Na gwada da kilishi na jiƙa shi ya yi laushi. Na rage gishiri, na ƙara gishiri. Kullum amsar ɗaya ce.

Maƙwabcinmu wani ɗan zangon Kumasi ne mai tura takalma gida, sa'an Kawu amma wasa yake da kowa. Ƙaurin bota ya jawo shi wata rana Kawu ba ya nan. Ya cinye na ranar a tsaye, ni kuma abin ya cika mini ciki na gaya masa komai.

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Malam mai digiri! Kana so saniya ta zama wancan dabba? Ko ka shekara kana soyawa ba za ta zama ba."

"To ya zan yi, Alhaji?"

"Ka gaya mishi mana. Me zai yi maka, zai cinye ka ne? Ya riga ya ci wanda ya fi ka."

Ban yi dariya ba, kuma ban gaya wa Kawu ba. Kullum sai in ce bari in ga ranar da yake cikin nishaɗi, in ranar ta zo kuma sai in ga bai kamata in ɓata ta ba.

Ran Alhamis bayan magariba na kawo masa na bakwai, ko na takwas. Ya ci rabi ya ture farantin.

"Ka huta haka, ɗana, ka yi ƙoƙari. Gobe in an sauko daga masallaci zan kai baƙin nan biyu da suka zo daga Kano shagon, su ma su ɗanɗana. Kai ma ka ci wannan karon."

Na tsaya riƙe da farantin. Na fara da cewa akwai wata 'yar magana, wataƙila ba babba ba ce, ko kuma babba ce, ya danganta. Ya ce in ajiye farantin in yi magana kamar mutum. Sai na ɗauko littafin na buɗe masa shafin zanen.

Ya daɗe yana kallo. Ya yi salati a hankali.

"Yaushe ka sani?"

"Yau kwana tara."

"Kwana tara kana soya mini saniya."

Ya tashi ya shiga bayi, na ji yana ta kurkure baki, abin da ya ci kusan mako biyu da suka wuce. Ya fito ya yi nafila raka'a biyu. Ni ina tsaye inda ya bar ni, ina jiran faɗa, ko ya ce in haɗa kayana. Na shirya wa duka biyun.

Da ya sallame bai juyo ba. Ya ce, "Wanda na ci ban sani ba, Allah Ya sani. Kai ma ka je ka nemi gafara, naka daban ne." Ya ci gaba da murza carbi. "Abin da ya dame ni ba shi ba ne. Yanzu na sani, ka nuna mini da idona. Amma da ka buɗe littafin nan, sai da yawuna ya tsinke. Wannan kuma me malamanku suka ce a kai?"

Na ce ban sani ba.

Ya gyaɗa kai. Washegari baƙin suka ci tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗakinmu, Kawu ya ci kaɗan.