Littattafai Huɗu da Alhaji Ya Ce In Karanta

Shekarata ta farko a wani kamfanin dakon kaya da ke Kawo, ni ke rubuta rahoto duk lokacin da mota ta samu matsala a hanya. Direba zai zauna ya ba ni labari, ni kuma in mayar da shi takarda. To, ni da littattafan hikaya na tashi. Tun ina sakandare a Badarawa nake aronsu wurin ƙawaye, shi ya sa rahotona bai cika tsayawa ƙasa da shafi uku ba.

Wata Litinin Alhaji, mai kamfanin, ya kira ni ofishinsa.

"Malama, taya ce ta fashe a hanyar Zariya. Me ya kawo zancen hadari da tsawa a ciki?"

Ya miƙo min wata 'yar takarda mai sunayen littattafai huɗu na koyon rubutun ofis. Ya ce ɗan ƙanensa da ke aiki a Abuja ne ya zaɓo su, in nemo in karanta.

Asabar biyu na kashe a Babbar Kasuwa. Wannan ya ce babu, wancan ya ce in dawo jibi. Wani dattijo mai rumfar littattafai ya duba takardar ya ce, "'Yata, ɗaya kawai nake da shi, shi ma ya daɗe bai samu mai tambaya ba. Ga sabon labari nan ya fito, ba za ki haɗa ba?" Na haɗiye yawu na ce a'a, na biya kuɗin ɗayan na tafi.

Littafin na Turanci ne, misalansa duk na ofisoshin wata ƙasa. Nakan buɗe shi a Keke Napep, kafin mu kai Unguwar Sarki na fara hamma. Amma na daure har ƙarshe. Darasinsa ɗaya ne: a rage, a sake ragewa.

Da injin wata mota ya buga kusa da Jaji, na yi rahoton a layi biyar, har ina jin kaina. Direban, wani Bakatsine mai yawan shiru, ya faɗa min tun a gareji ya yi ƙorafin zafin injin, aka ce ya lallaɓa ya tafi. Na cire wannan, don littafin ya ce kada a koma baya.

Washegari Alhaji ya wanke direban tas a gaban jama'a, ya dakatar da shi mako guda. Da zai fita ya tsaya bakin teburina.

"Malama, ai na gaya miki."

Yana fita na tashi. Na shiga wurin Alhaji na yi masa bayani. Ya ɗaga takardar ya ce, "To me ya hana ki rubuta? Wannan ai ba ki faɗa min komai ba!"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, don Allah cikin littattafan nan wanne ka karanta?"

"Ni? Ina na ga lokaci?"

An dawo da direban bayan kwana biyu, ba wanda ya ba shi haƙuri sai ni. Ya ce ba komai, amma daga ranar idan ya gama ba ni labari, sai ya ce in karanta masa abin da na rubuta kafin ya tashi.